Wata Ɗayan da Na Yi wa Goggo Dije Alkawari

Daga Madina, unguwar Sih.

Zuwa ga ɗana Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sauke ka Makka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa ka shiga wannan aiki da ƙafar dama. Ummanka za ta saka takardar nan a jakarka kusa da dabino. Ka karanta ta kafin ka taɓa ko bulo ɗaya a can. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ka sha wuya, kai da ake yi wa magana da Hausa kana amsawa da "ɗayyib, ya Baba." Wuyar nake so ka sha, don kada ka yi mata karatun jarida.

Labarin gida ba sai na ba ka ba, daga cikinsa ka fito. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya ina alwala a tsakar gida na ji kana gaya wa ummanka cewa Alhajin da ya ba ka gyaran ribaɗi, gidan sadaka na tsofaffi, a Makka ya ce ka fara aiki, ruksa, wato takardar izinin baladiyya, hukumar gari, za ta biyo baya, wai yana so a gama kafin azumi. Da ta tambaye ka ko ba matsala, sai ka ce ai Baba ma haka ya gyara ribaɗin Sih, ba ruksa ba komai, kuma da ba don wani muraƙib, mai duba gini na hukuma, mai taurin kai ba da ba a taɓa rufe gidan ba. Na ajiye buta. Labarin da ka sani ni na bari ya bazu a unguwa, kuma ba haka aka yi ba.

Ka san ubanka ba ƙaramin magini ba ne. Shekara talatin da wani abu ina ɗora dutse a kan dutse a garin nan. Daga unguwar Sultana har gindin dutsen Uhudu akwai katangun da na tayar waɗanda har yau ko gashi ba zai shiga tsakanin duwatsunsu ba. Ba yabon kai nake yi ba. Ina so ka gane cewa abin da ya faru ba rashin iya aiki ne ya jawo shi ba, iyawar ce ta hau mini kai.

Kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna yadda ribaɗin yake a da ba. Tsohon gida ne na wakafi, bangonsa baƙin dutse da laka, rufinsa azarar dabino da tabarmi da ƙasa. Tsofaffin mata tara ne a ciki, duk mutanenmu. Wasu da ƙafa suka tako daga ƙasar Hausa, mazansu sun rasu, 'ya'ya babu ko sun yi nisa. Abu ɗaya ya rage musu a duniya suna jira: ajali ya same su a Madina, a kai su maƙabartar Baƙi'a. Don shi suka haƙura da ɗaki kamar akurki da makewayi ɗaya a ƙarshen tsakar gida.

A cikinsu akwai Goggo Dije, Bakatsiniya, ƙawar kakarka Hajara. Shekara bakwai ta yi a hanya, ta binne mijinta a ƙasar Sudan, ta ƙaraso ita kaɗai. Bakinta ba ya ƙyale kowa, ni kuwa har na yi furfura ba ta kirana sai "Yakubu ɗan Hajara." Ko umara ta daina zuwa. In an ce ga mota kyauta zuwa Makka, sai ta ce, "Ku je ku dawo. Ni ba zan ɗaga ƙafata daga garin Manzo ba, kada mutuwa ta yi mini kwanton ɓauna a hanya." Mu kan yi dariya, ita kuwa da gaske take.

Shekarar da aka haifi ƙanwarka aka yi ruwan da ya jiƙa musu shimfiɗa, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi. Malam Idi, mai kula da wakafin, ya kira ni ya ce a gyara. Mutum ne mai tsoron hukuma, don haka ya ce in fara zuwa baladiyya neman ruksa, muhandis, wato injiniya, ya zo ya duba bango ya yi zane. Lokacin garin ya cika da siminti, kowa gini yake yi, layin baladiyya sai ka wuni a tsaye. Na yi dariya na ce, "Malam Idi, aikin Allah ne fa, ba kanti za mu gina ba. Su tsofaffin nan da suka tako daga Katsina, wa ya ba su ruksa?" Ya ce, "Mu'allim Yakubu, ni dai hankalina bai kwanta ba." Na ce ya bar mini komai, bangon nan na san shi kamar tafin hannuna.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma irin namu ne. Mu in abu ya zama sadaka sai mu ɗauka ya fi ƙarfin doka, kamar niyya mai kyau tana ƙara wa bango kauri. Hamza, bango bai san sadaka ba. Nauyin da zai ɗauka a gidan attajiri shi zai ɗauka a gidan tsofaffi, sai dai attajiri in ya ji ƙara yana iya gudu. Duk wanda ya ce maka aikin lada ba ya buƙatar takarda, ka gaya masa shi ya fi kowane aiki buƙatarta.

Na kira gayya. Bayan sallar Juma'a na tsaya a bakin masallaci na faɗa wa mutanenmu, mako na zagayowa sai ga maza kusan arba'in: magina, kafintoci 'yan Sudan, direbobi 'yan Chadi, har da masu shago da ba su taɓa riƙe shebur ba. Mata suka dafa tuwo da shinkafa. Muka mayar da tsofaffin matan cikin ɗakuna biyu na gefe, muka yaye azara, muka kafa katako, muka shimfiɗa rodi, muka zuba kankare a kan tsohon bango ba tare da ginshiƙi ko ɗaya ba. Da na ga hannaye sun yi yawa kuma akwai ragowar siminti, sai na ƙara abin da ba a shirya ba. Na ɗora tankin ruwa a sama. Na toshe ƙofar baya da ke fita lungu, na mayar da wurin banɗaki. Na ja bututu ta gindin bangon laka. Har yau in na tuna wannan gayyar ina jin daɗinta, ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa ganin mutanenmu sun haɗa kai kamar ranar ba. Amma a cikin gayya kowa "a ƙara" yake cewa, babu mai cewa "a dakata." Ruksa ita ce ke tsayar da kai a kan abin da aka duba aka yarda. In ka samu taka, abin da ke jikin zane shi za ka yi. In wata dabara ta zo maka ana cikin aiki, komai kyawunta, ka koma ka nemi a ƙara ta a takarda.

Ana cikin aikin ne muraƙibin ya zo. Wani siririn Balarabe ne mai tabarau, bai fi shekarunka na yanzu ba. Ya ga yashi da tsakuwa jibge a lungu, ya yi sallama, na fito ina goge hannu.

Ya ce, "Fen ar-ruksa, ya mu'allim?"

Na ce, "Wace ruksa kuma? Buya kawai muke shafawa, ɗan fenti da ɗan yaɓe."

Ya dubi tsakuwar, ya dube ni. Ya ce yana so ya leƙa. Sai na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa na ce, "Harim juwwa. Gidan mata ne, tsofaffi, ba su shirya ba. Namiji baƙo ba ya shiga." Alhali maza arba'in na ciki suna kwaɓa siminti. Yaron nan mai kunya ne, ya ja da baya. Ya ce, "Ɗayyib. Amma in za ka taɓa rufi, ka zo mu turo muhandis. Ba don mu ba, don su." Ya tafi. Na koma ciki ina ba da labari ana dariya, ana cewa Mu'allim ya iya da Larabawa.

Wannan ya fi duk sauran ci mini rai. Na ɗauki mutuncin iyayenmu mata na yi labule da shi don in ɓoye ƙaryata. Can Makka ma za ka samu masu ba ka irin wannan shawarar, don ribaɗin da za ka gyara akwai ɓangaren mata. Kada ka karɓa. Ranar da muraƙib zai zo, ka sanar da su tun da wuri, su yafa mayafinsu su taru a ɗaki ɗaya, a sakaya labule, ka shigar da shi ka nuna masa har inda kake jin kunyar nunawa. Ido biyu na waje sun fi maka amfani a kan masu tafa maka.

Da aka gama, gida ya yi fes. Na kira Goggo Dije in nuna mata sabon banɗaki, ina jiran sa albarka. Ta tsaya da sandarta ta dubi dakalin da na yi a bakin ƙofa, ta ce, "Yakubu ɗan Hajara, wannan na raƙumi ne ko namu?" Ta lalubi bango tana neman abin kamawa, babu. Sannan ta ce, "Ƙofar lungun fa? Ta nan nake fita in nufi Harami, ta fi mini kusa." Na ce, "Goggo, ai yanzu ga famfo a ɗaka." Ta ce, "Famfo zai kai ni masallaci?" Na yi musu aikin wata guda ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu yadda take zama da yadda take tashi ba. Kai ka tambaya. Ka bi tsoho a baya daga shimfiɗarsa zuwa makewayi, ka ga inda yake dafawa, nan za ka sa ƙarfen kamawa. Daga baya da muhandis ya zo, tambayar farko da ya yi mini ita ce, in risho ya kama da wuta a bakin babbar ƙofa, ta ina mata tara masu sanda za su fita?

Bayan wata huɗu ko biyar, da hantsi, Malam Idi ya same ni a wurin wani aiki a Sultana, fuskarsa ba daɗi. Ya ce in zo in gani. Bututun da na ja yana ɗiga a ƙarƙashin ƙasa, lakar gindin bango ta jiƙe ta yi laushi, ga kankare da tanki a sama. Bangon ɗakin Goggo Dije ya tsage daga rufi har ƙasa, wani gutsuren yaɓe ya faɗo daidai inda take ajiye kai, Allah Ya sa ta tashi alwala. Na ga tsagar da idona. Duk da haka na ce a ba ni kwana biyu in cike ta. Malam Idi ya ce, "A'a, Mu'allim. Wancan karon na bi ka. Wannan karon na riga na je baladiyya." Na yi fushi da shi har na daina gaishe shi na wani lokaci, alhali shi ya ceci rayukansu.

Muraƙibin nan dai shi ya dawo, tare da muhandis. Matan suka taru a ɗaki ɗaya aka saki labule, ya shiga ba wanda ya hana shi. Ya zura hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu, ya juyo ya ce, "Wannan ce buyar, ya mu'allim?" Ban iya ɗaga kai ba. Muhandis ya hau sama ya sauko, suka ce a kwashe kowa kafin magariba, za a rufe gidan.

Na roƙe shi. Na ce mata ne da ba su da kowa, ina za su? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka zo tun farko, ginshiƙai za a ce ka kafa, ka yi aikin ɗaki-ɗaki, suna zaune a gidansu. Yanzu ba zan iya barinsu su kwana ƙarƙashin wannan ba. Kai za ka bar uwarka?" Wannan shi ne mutumin da ka ji ana kira mai taurin kai.

Mutanen unguwa sun yi abin kirki. Kafin la'asar an raba takwas a gidaje, biyu ma a wurinmu suka sauka, ummanka ta ba su ɗakinta. Goggo Dije ta kwana uku gidan Malam Idi. A rana ta uku ɗan ƙaninta, wani direba da ke zaune a Jidda, ya ji labari ya zo da motarsa. Ransa a ɓace yake, kuma da gaskiyarsa. Ya ce ba zai bar goggonsa tana yawon gidajen mutane ba, zai tafi da ita har a gama gyara. Ta ce ba inda za ta. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta kafe. Sai ta sa aka kira ni.

Ta ce, "Yakubu, kai ne maginin. Kwana nawa?"

Hamza, na san ba a yi zane ba. Na san sai an fasa rufin nan duka, an sauke tanki, an tayar da ginshiƙai, kuma yanzu kowane mataki sai an zo an duba, tunda na zubar da yardar da ake yi mini. Amma ga mutane a tsaye, ga ɗan ƙaninta yana harara ta, ni kuma ina so in fita kunya. Na ce, "Wata ɗaya, Goggo."

Ta ce, "Wata ɗaya?"

Na ce, "In sha Allahu, ko cika ba zai yi ba."

Ta dube ni ta ce, "To, tunda ɗan Hajara ya faɗa." Ta sa aka ɗauko ƙullin kayanta. Da na ce mata rabin shekara, wallahi da ba ta shiga motar nan ba, ko da a zauren wani za ta kwana. Maganata ce ta fitar da ita daga Madina.

Kada ka taɓa yanka wa tsoho wa'adin da takarda ba ta ba ka ba. In an tambaye ka yaushe, ka faɗi mai tsawon, ko da za a ɓata fuska. Kuma duk yadda za ka yi, ka tsara aikinka yadda ba sai an fitar da su daga gidan ba. Mutanen da za ka tarar a can ba haya suke yi ba, sun zo su mutu a Makka ne, kamar yadda namu suka zo su mutu a nan.

Wata bakwai aikin ya ci. Na tsaya a layin da na raina, na kai zane, aka dawo da shi, na sake kaiwa. Na fasa da hannuna abin da maza arba'in suka zuba, wannan karon ba tuwo ba gayya. Na kafa ginshiƙai, na buɗe ƙofar lungu, na sassauta dakalin, na sa ƙarfen kamawa. Aikin ya yi kyau, har yau yana tsaye, ka sha wucewa ta gabansa. Ranar da muraƙibin ya sa hannu a takardar ƙarshe, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Washegari na shiga motar Jidda in ɗauko ta da kaina.

Na same ta kwance, ta rame, muryarta sai ka sunkuya. Ta gane ni. Ta ce, "An gama?" Na ce, "An gama, Goggo. Ƙofar lungu ma na buɗe." Ta ce, "Da takarda?" Na ce da takarda. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ashe kana jin magana, sai dai a makare." Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ginin na yafe tun ranar, bango ne, yana tsagewa. Watan nan ɗaya ne ya wahalar da ni. Duk jinjirin watan da ya tsaya sai in ce wannan ne." Sannan ta ce in nemo mota mai wurin kwanciya, gobe mu kama hanya.

Na samo motar. Kafin direban ya iso da safe, ta cika. Na roƙa a bari in tafi da ita haka, aka ce inda mutum ya rasu nan ake binne shi. A Jidda muka yi mata sutura, ni na sauka cikin kabarin na karɓe ta. Sauran takwas ɗin duk sun koma ɗakunansu, shida a cikinsu yanzu suna Baƙi'a. Malamai sun gaya mini Allah ne ke rubuta ƙasar da kowa zai kwanta, kuma na yi imani da haka. Amma na san bakin da aka bi aka kai ta can, nawa ne.

Saboda haka ga maganata. Ka je wurin Alhajin ka gaishe shi da ladabi, ka ce ba za ka fasa ko yaɓe ba sai ruksa ta zo hannunka. In ya ce azumi zai riske ku, ka ce tsofaffin sun yi azumi da yawa a gidan yadda yake, za su iya ƙara ɗaya. In ya kawo maka misali da ubanka, na ba ka izini ka karanta masa takardar nan daga farko har ƙarshe. In duk da haka ya kafe, ka ajiye masa aikinsa ka dawo gida, ba za ka ji kalma ɗaya ta zargi daga bakina ba. Ba na shakkar ka, Hamza. Hannunka ya fi nawa sanyi, ka yi karatun da ban yi ba, kuma kana da haƙurin tsayawa a layi.

Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya tsare waɗanda za su kwana ƙarƙashin rufin da za ka ɗora. Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka yi ɗawafi, ka yi wa Goggo Dije addu'a da sunanta, Hadizatu 'yar Mamman, ka roƙi Allah Ya tashe ta tare da mutanen Baƙi'a. Sannan ka roƙa wa ubanka gafara.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Mu'allim Yakubu